Makaɗan da muka ɗauka a bikin autarmu: kiɗa ya yi daɗi, amma mai ganga ya cika wasa da sanda

Watan jiya muka aurar da autarmu a Kaduna, kuma ni aka ɗora wa nemo masu kiɗan dina. Amarya ta ce ba ta son DJ, makaɗa take so a gaban jama'a. Na ɗauko wata ƙungiya ta mutum shida: mawaƙi, mai fiyano, masu jita biyu, wani dattijo mai kalangu, da wani matashi a kan gangunan bature, jerin nan da ake zama a kaɗa da hannu biyu da ƙafa biyu. Ba zan faɗi sunansu ba, domin ban zo ɓata wa kowa sana'a ba.

Alherinsu yana da yawa. Tun bayan La'asar suka iso suka jera kaya, suka gwada sauti, da aka kira Magariba suka yi tsit ba tare da an roƙe su ba. Ba su ƙure lasifika ba, har iyayenmu mata suka iya gaisawa ba sai sun ɗaga murya ba. Wanda ya saba zuwa dinar zamani ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matashin nan kuwa hannunsa yana da daɗi, ban raina shi ba. Amma tun waƙar farko na lura yana murza sanda tsakanin yatsu kamar farfela, ya cilla ta sama ya cafe, ya zagayo da ita ta bayan wuya. Samari suna ihu, wayoyi sun koma kansa. Ni ma da farko ya burge ni.

Sai aka zo shigowar amarya. Ƙawayenta goma sun yi sati biyu suna koyon takun da za su shigo da shi, kowace ƙafa a kan bugun ganga. Suna tsakiyar zaure ya cilla sandar hagu, ta kuɓuce masa ta gangara ƙarƙashin kujera. Kafin ya zaro wata daga jakar da ke rataye a gefensa bai fi daƙiƙa uku ba, amma da ya dawo sai ya shigo da gaggawa, ya riga sauran makaɗan. Layin gaba suka bi shi, layin baya suka tsaya a kan tsohon taku, har biyu suka yi karo. Dattijon mai kalangu ne ya ceci lamarin: ya matse tsarkiya ya ɗaga sauti, ya riƙe kiɗan daram har yaron ya dawo hanya. Amarya ta daure ta yi murmushi, amma na san fuskar ƙanwata. Abin yana nan a bidiyon biki, kuma ba a sake shigowar amarya.

Da aka tashi na ja shi gefe. Ya ba da haƙuri sosai, sannan ya ce, "Yallaɓai, ni a baya nake zama. In ban yi haka ba, liƙi duk wajen mawaƙi yake tafiya, ba wanda ya san ina wurin." Maganar ta taɓa ni, don gaskiya ce. Mai ganga shi ne ya fi kowa zufa, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa wasa da sanda laifi ne. A Amurka an yi Sonny Payne, wanda ya kaɗa wa ƙungiyar Count Basie daga tsakiyar shekarun 1950, ya yi suna wajen juya sanda da cilla ta, kuma bidiyoyinsa suna nan a YouTube: sanda tana sama, kiɗa bai motsa daga inda yake ba. Sirrin lissafi ne. A kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne. Idan hannun hagu yana dukan ƙaramar ganga a bugu na biyu da na huɗu kawai cikin kowane bugu huɗu, yana da daƙiƙa guda cur da ba ya aikin komai, kuma a wannan tazarar gwani yake yin wasansa. Amma kiɗan da ake yi mana a biki ba haka yake ba. Hannun hagu ba ya hutawa, yana ta ƙananan taɓe-taɓe tsakanin manyan bugu, su ne ma suke sa kafaɗa ta motsa. Ka ɗauke hannun, ka ɗauke gishirin. Taura biyu ba ta taunuwa. A saurari marigayi Tony Allen, ɗan Legas da ya riƙe wa Fela Kuti ganga har 1979, ya rasu a Paris a 2020. Zaune yake kamar mai shan shayi, jikinsa da ƙyar yake motsi, amma gaɓoɓinsa huɗu kowace da abin da take faɗi, mai saurare kuma ba ya iya zama.

Dattijon namu ma ai ya yi nasa wasan. Lokacin liƙi ya bar wurinsa ya zo gaban ango, ya durƙusa, ya sa kalangu ya yi masa kirari har dangin ango suka miƙe da kuɗi a hannu. Ya jira lokacin da babu ƙafar da ta dogara da shi, kuma gwanintarsa ta kunne ce kafin ta ido.

Zan sake ɗaukarsu, na ma riga na ba wani abokina lambarsu. Sai dai na ce masa kafin ya ba da kafin alƙalami ya zauna da shugabansu a yi magana a fili: shigowar amarya, rawar ango da amarya da ta iyaye, sanda ba ta barin hannu. A ware wa mai ganga minti biyu ko uku shi kaɗai, a haska shi da fitila, mai gabatarwa ya kira sunansa, ya cilla sandar har rufin zaure in yana so. Ranar zan fara tashi in liƙa masa.