Gwajin fitsarin da ya nuna mini abin da ya sa sanyi ya ƙi barina

Wata huɗu ina fama da zafin fitsari da ciwon mara. Duk sanda ya taso sai in aiki yaro wajen masu tallar magani a bakin kasuwa ya sayo mini kafso, in sha kwana uku ya lafa, bayan sati biyu ya dawo. Da zafin Afrilu ya kankama abin ya fi ƙarfina, shi ne ungozomar likitar unguwarmu ta rubuta mini gwajin fitsari da suke kira ECBU, haɗe da antibiyogaram, wato gwajin gano maganin da zai ci ƙwayar cutar.

Wani labo, wato ɗakin gwaji, na je nan cikin Maradi. Wajen tsabta ban ga aibunsu ba. Matar da ta ba ni kwalba ta yi mini bayani a natse: fitsarin farko na safe, in yi tsarki, in bar na farkon ya zuba, in tari na tsakiya, in kawo da wuri. Ta kuma tambaye ni ko ina cikin shan magani, don yana ɓata gwajin. Kwana uku na jira, saboda sai sun rene ƙwayoyin cutar sun yi yawa tukuna.

Inda suka ɓata mini rai ranar karɓa ce. An miƙo mini takarda cikin Faransanci, babu ko kalma ɗaya ta bayani. Na ga Escherichia coli, sai jerin magunguna, kowanne da S ko I ko R a gabansa. Na ƙirga R ya fi yawa, na hau kabu-kabu hawaye na zuba, na ɗauka cutar ba ta da magani.

Ungozomar ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ƙwayar daga hanji take, ita ce ta fi kawo wa mata wannan ciwon." A labo, in ji ta, ana ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magani a kan ƙwayoyin, a ga wanda ya hana su tsirowa a kewayensa. S yana nufin maganin zai ci ta. R kuma ƙwayar ta gagare shi, ko da na asali ne. I sai an ƙara yawansa, kuma likita ke yanke wannan. Amokzisilin da Bactrim, waɗanda na yi wata huɗu ina zuba wa cikina, duka R ne.

Ta hana ni zaɓa da kaina daga cikin masu S: wani allura ne, wani bai dace da mai ciki ba, nitrofurantoyin da ta rubuta mini kuwa a mafitsara yake aiki, ba ya maganin ciwon da ya kai ƙoda. Kwana 7 na sha ban tsallake ba, yau wata biyu shiru.

Kuɗin gwajin ya yi mini nauyi, amma bai kai abin da na kashe a kafso ba. Zan sake komawa labon in ta kama, sai dai ina roƙonsu su ajiye mutum ɗaya mai karanta wa mutane takarda da Hausa kafin su fita ƙofa.