Sashen fata da na kai yarona, ga yadda na gansu

Gaskiya likitan nan ta san aikinta. Yarona makero ne ya cinye masa kai, gashi yana zubewa wuri-wuri ga ƙaiƙayi, kowa da maganin da zai ce a shafa. Ita kuwa bata yi saurin rubuta magani ba, sai da ta sa safar hannu ta duba kan sosai har bayan wuyansa ta taɓa ko akwai kaluluwa, sannan ta kankare ɓawon wurin ta tsige gashi kaɗan aka kai lab a duba da madubin likita, wai don kirci da amosani ma kan yi kama da shi.

Abin da yafi burge ni bayaninta. Tace makeron kai man shafawa kaɗai baya kashe shi saboda ƙwayar cutar tana cikin gashin ne har saiwa, dole sai na sha. Griseofulvin ta rubuta, sati 6 zuwa 8, a sha bayan abinci mai maiƙo, ga shamfu na ketoconazole don rage yaɗuwa. Ta ja kunnena kan mayukan da ke da sitiroyid, ƙaiƙayin zai lafa amma cutar ƙara bazuwa take. Kuma banda haɗa mataji, hula ko kilifar aski, ƙannensa ma a kawo a duba su.

Matsalarsu ɗaya layi, wallahi mun sha zama, likita ɗaya ce ga mutane cike, mai bada kati kuma fuskar nan a ɗaure. In zaku je ku yi sammako. Gashin dai ya fara fitowa alhamdulillah.