RDF ko Prolog: Ina Za a Ajiye Bayanan Yankari?

Ɗauki magana ɗaya: Yankari na cikin Alkaleri, Alkaleri na cikin Bauchi. RDF, tsarin rubuta bayanai don kwamfuta ta karanta, yana yanka ta gida uku-uku: abu, alaƙa, abin da aka danganta shi da shi, kowanne da URI nasa, wato suna na musamman mai kama da adireshin intanet. Shi ya sa bayananka ke haɗuwa da na wasu cikin sauƙi, a tambaye su da SPARQL, harshen neman bayanai a RDF.

A Prolog kuwa, harshen kwamfuta mai aiki da bayanai da ƙa'idoji, sai ka rubuta cikin(yankari, alkaleri). Kula da ƙaramin baƙi, domin babban baƙi a farko yana mayar da suna mai canzawa, wato gurbin da kowane suna zai iya cikewa. Ƙa'ida guda ta isa ta gano cewa Yankari na cikin Bauchi.

Babban bambancin: abin da ba a rubuta ba, Prolog ƙarya yake ɗaukarsa, RDF kuwa "ba a sani ba". Don rabawa a intanet, RDF ya fi.