Murhun duwatsu uku ko na laka mai bututun hayaƙi?

Murhun duwatsu uku ba ya cin kuɗi, kowace tukunya tana zama a kansa. Sai dai wutarsa a buɗe take. Iska na kaɗa harshenta zuwa zani ko zana, dutse ɗaya ya goce, tukunyar miya ta kife kan yaro mai rarrafe. Hayaƙin kuwa a idon mai girki yake ƙarewa.

Na laka mai bututu yana killace wuta, ya rage cin itace, hayaƙi ya fita ta saman rufi. Shi ya fi, amma aibinsa a ɓoye yake: ɗanyen itace na tara kunkunniya cikin bututun har ya toshe ko ya kama da wuta. A riƙa kankare shi, a liƙe tsagar laka, kada bututun ya taɓa azara ko jinka.