Kwadon lamba da na sa a ƙofata a Nima, Accra

Jama'a ni dai yara ne suka gajiyar da ni da ɓatar da makulli, gidan haya ne kowa na shiga kowa na fita, shi ya sa na je kasuwar Kantamanto gefen masu kayan gini na sayo kwadon nan mai lambobi, wanda kake dannawa ƙofa ta buɗe. Na ce zan ɗaura da kaina, ashe ramin tsohon kwadon bai yi daidai ba, sai da na kira kafinta ya faɗaɗa shi, sannan ya gyara inda harshen ke shiga don ƙofar ta kumbura tun damina.

Abin da ya burge ni batir AA guda 4 yake ci, ba ruwanshi da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ko kaɗan, kuma in batir ya kusa mutuwa yana yin ƙara. Akwai makullin hannu a ciki, don Allah kar ka bar shi cikin ɗaki kamar yadda na yi.

Hajiya ce kawai har yanzu ba ta yarda da shi ba, wai lambar tana manta ta, kullum sai ta ƙwanƙwasa.