Shekara biyu ina zuba dala ɗari a ƙungiyar masu gyaran icce ta Maradi

Sana'ata hawan icce. Idan bedi ya kwantar da reshe bisa kwanon ɗakinka, ko mangwaron garkarka ya cushe har ya daina ƴaƴa, irina ake kira. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki, daga unguwar Zariya zuwa Bagalam, wani lokaci har garakan Jiratawa. Tara daga cikin shekarun nan ni ke kiɗana ni ke rawata: gatari, adda, igiyar guga, sai yaro guda mai ja mini reshe. Biyun ƙarshe ne na shiga ƙungiyar masu gyaran icce da masu renon dashe ta nan garin. Abokan fada sun ishe ni da tambaya ko dala ɗarin da nake zubawa duk wata tana maida kanta (ƴan'uwa na hayin Jibiya, sefa 500 ke nan), shi ya sa na ce bari in rubuta sau guda kowa ya huta.

Ba son ilimi ya kai ni ba, kar in yi ƙarya. Wani Alhaji ne ya hana ni aikin itatuwan harabar lakkwal ɗinsa, wai sai mai takarda. Na tambaya, aka ce jika biyu (sefa 2,000) da hoto biyu a yanka maka kati. Na biya, na zura katin a aljihu, niyyata ba za su sake ganina ba.

Abin da ya tsaida ni wani dattijo ne, tsohon malamin daji da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Sati biyu da yankan katina sai ga shi a kan tsohon kekensa inda nake aiki a Sabon Gari, wai al'adarsa ce ya leƙa sabon shiga. Ya tsaya yana kallona har na sauko. Sannan ya kama hannuna ya kai ni gindin wani bedi na maƙwabta wanda ni na gyara shi shekara uku baya.

"Ɗana, wa ya koya maka sara?"

"Ba kowa, Baba. Ido ne."

"To idon nan ya cuce ka. Sa yatsanka nan."

Na sa. Inda na sare reshen, ɓawon ya ɓare ya bi jikin iccen kusan kamu guda, cikin ya yi laushi, gara ta shige ta yi gida. Ni kuwa a zatona aiki na yi mai kyau, har baƙin mai na shafa a wurin don ya warke.

Washegari ya sa na hau, shi yana ƙasa yana nuni da sanda. Reshe mai nauyi sara uku ake yi masa. Na farko daga ƙasa, kamar taki biyu daga jikin uwar, a shiga kashi ɗaya cikin uku a tsaya. Na biyu daga sama, a ɗan ƙara gaba, sai reshen ya karye ya faɗi, ɓarewar ɓawon kuma ta tsaya daidai saran farko. Na uku shi ne a cire guntun da ya rage, amma kar a taɓa wannan kumburin da ke wuyan reshe inda ya haɗu da uwa. Daga nan ne iccen ke fitar da sabon nama ya rufe ciwon. Ya ce icce ba ya warkewa irin na fatar mutum, killace ruɓar yake yi ya bar ta a ciki, kuma baƙin mai da fenti ba abin da suke ƙara masa sai riƙe danshi. Daga baya wani ɗalibin aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke zuwa zamanmu ya ce wani Ba'amurke, Alex Shigo, shi ya tsaga dubban itatuwa ya tabbatar da haka. Baba ya ce madalla, shi dai gara ce ta koya masa.

Bara na koma wani bedin da na yi wa sara uku a ranar nan. Ciwon ya zagaye kamar bakin tulu, saura kaɗan ya haɗe. Wannan kaɗai ya biya mini dala ɗarin shekara biyu.

Abin da har yanzu na kasa shi ne askin ƙwal. Mai gida ya kira ka ya ce a guntule kan iccen duka ya bar gungume, don kar ya sake biya sai bayan shekaru. A ƙungiya an nuna mana cewa tohon da ke fitowa bayan haka a fatar icce kawai yake manne, iskar farkon damina ce ke fara karya shi. Ina yi wa mutane bayani. Wasu su ji, wasu su ce "Malam, kuɗina ne ko naka?" In yi musu askin, tunda ba bayani ake ci a gidana ba.

Sai tafiyar Ɗan Saga, can ƙasar Agiye. Kowa jika uku kuɗin mota. Kunya ta kama ni a tafiyar nan, don mutane na tasowa daga wasu ƙasashe su zo ganin abin da ke bayan ɗakina, ni ban taɓa zuwa ba. Abin da ake zuwa gani shi ne sassaben zamani, wanda a jihar Maradi ya samo tushe. A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan ɗin SIM, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. A zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a rage sauran, a ɗage musu ƙananan rassa, shi ke nan. Yunwar 1984 da aikin a-ba-ka-abinci suka yaɗa abin, daga baya manoma suka ɗauka da kansu. Yau ana maganar eka miliyan 5 irin ta hekta da itatuwa kamar miliyan 200 a ƙasar nan, shi kuma Rinaudo ya samu kyautar duniya ta Right Livelihood a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Wannan duk ana iya ji a rediyo. Abin da ba a ji sai an je shi ne hannun manomi a kan kalgo. Wani dattijo ya durƙusa gaban sabara da laujensa, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawo ya ɓare. Dabarar Baba ce sak, a reshen da bai wuce kaurin yatsa ba. Na tambaye shi ta yaya ake hana ɓarayin icce. Ya ce kwamitin gari ne ke tsaro, har da mata da makiyaya a ciki, don wanda ka bari a waje shi ke shigowa da barandami da dare. Gero kuwa a ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsayi da duhu, tunda shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

A ƙungiya ne kuma na san doka. Sau biyu an taɓa karɓe mini gatari, kuma laifina ne, na sari gawo ba izini don mai gona ya ce nasa ne. Yanzu na san dokar daji ta 2004 ta kare irinsu gawo, na san inda ake neman takarda, na san kuma tun 2020 akwai dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin iccen da ya rena a gonarsa. Kafin in ɗaga gatari sai na tambayi mai aikin takardarsa.

Maganar samun aiki, nan ma ba laifi. Muna da zaure a WhatsApp. Daren da iska ta yi ɓarna, kafin asuba saƙo ya cika: bedi ya faɗa wa katanga a Mokoyo, wa ke kusa? Mutum biyu ke da zarto mai inji, da su muke raba manyan ayyuka. Masu renon dashe su turo mana wanda ya sayi mangwaro ɗan aure ko magarya ƴar aure yana neman mai gyara, mu ma mu tura musu masu saye. Da wani ɗanmu ya zamo daga tsamiya ya karya ƙugu, cikin kwana uku aka haɗa wa iyalinsa jika sittin da buhun gero.

To, ga inda ƙungiyar ke ba ni haushi. An taɓa kiran horo na kwana uku a wani otal, kujera goma aka ba mu. Shida daga cikin waɗanda suka tafi ban taɓa ganinsu a kan icce ba, dangin shugabanni ne, kuɗin zama suka bi. Ni na samu shiga. Faransanci aka yi ta zubawa ana haska hotuna a bango, ko ganye ba mu taɓa ba, aka ba mu takardar shaida mai hatimi. Ba ta kai rabin safiyar da na yi da Baba ba. An kuma ba ƙungiya kyautar ɗamarar hawa guda biyu da igiyoyinsu da hulunan kwano, ga su can kulle a ɗakin wani babba, sai ranar 3 ga Agusta ake fito da su a ɗauki hoto wajen bikin dashen icce. Wanda ya karya ƙugun nan da igiyar guga ya hau. Lissafin asusu sau ɗaya aka karanta mana. Matan da ke renon dashe sun fi kowa biya a kan lokaci, amma ko guda babu a kwamiti.

Katin ma kansa bai ce komai ba. Ɗalibin nan ya nuna mana a wayarsa yadda ƙungiyar masu gyaran icce ta ISA a Amurka, wadda aka kafa tun 1924, take yi: sai ka yi shekaru a aiki, ka ci jarrabawa, kuma duk shekara uku ka nuna ka ƙaro ilimi kafin a sabunta maka. Mu jika biyu da hoto. Na kawo shawara kar a sake yanka wa kowa kati sai ya hau icce gaban Baba ya yi sara uku, a kuma maida ɗamarar nan hannun ma'aji, mai aiki ya sa hannu ya ɗauka. Shugaba ya ce za a duba. Wata huɗu ke nan ana dubawa.

Wanda ke da icce a gida, ya nemi ɗan ƙungiya, amma kar ya tsaya ga kati, ya ce a nuna masa iccen da mutumin ya gyara bara. Wanda ke sana'ar kuma ya shigo, zama ranar Asabar ne bayan la'asar. Na wannan watan na riga na biya, kuma maganar ɗamara zan sake tada ta.