Sifili Daban, Babu Daban: Wacce Za Ka Ɗauka Don Rubuta XML?

Bara na haɗa wa wani Alhaji mai sayar da gero da wake a Kasuwar Dole ƴar manhajar lissafin bashi da Java. Yaron shago ya manta bai saka bashin wani mutumin Mirriah ba, gurbin ya zauna null, wato babu komai a cikinsa. Jackson 2 kuwa, manhajar Java da na sa ta riƙa fitar da lissafin a fayil ɗin XML (tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke aika wa juna), in ba ka ce mata komai ba, sai ta rubuta <bashi/> fanko. Manhajar da ke karɓar fayil ɗin ta ɗauka sifili ne. Jika ɗari biyu suka ɓace a takarda. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, wai na'urar taka yafe bashi take yi?"

Tun ranar na koma JAXB, wata manhajar rubuta XML a Java. Ita ma in ka ƙyale ta, tsallake gurbin take yi gaba ɗaya. Amma da ka sa @XmlElement(nillable=true), za ta rubuta xsi:nil="true", wato ta faɗa ƙarara: gurbin yana nan, ba a cika shi ba. Wannan alama tana cikin ƙa'idar XML Schema tun 2001, mai aiki da .NET na Microsoft maimakon Java ma zai gane ta. Sai dai tun Java 11 aka cire JAXB daga JDK, wato kayan aikin da Java ke zuwa da su, dole ka ƙara ta da kanka. Kar ka manta da nillable="true" a cikin XSD, fayil ɗin da ke bayyana tsarin XML ɗinka, in ba haka ba tantancewa za ta ƙi fayil ɗin.

Jackson ma ta iya hakan tun sigar 2.10, in ka kunna WRITE_NULLS_AS_XSI_NIL, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. XStream, wata mai irin wannan aiki, shiru take yi ta wuce null, ga tarihin kafofin tsaro da sai a 2021 aka ƙara ɗaure su. Ban sake kallon ta ba.

Hattara da masu cewa "na gyara maka" alhali sun maye null da 0, ko sun rubuta kalmar "null" a matsayin sunan mutum. Kuskuren ya daina fitowa, kuɗi na zurarewa. Haka nan fayil ɗin jar, wato ƙunshin manhajar Java, da ake turowa ta WhatsApp ko a filas, ba ka san wa ya taɓa shi ba. Daga Maven Central, babban rumbun manhajojin Java a intanet, ake saukewa. Kafin ka biya kowa ko dala, sa ya bar gurbi ɗaya babu komai, ya fitar da XML ɗin, ya sake shigar da shi a gabanka. In sifili ya dawo, mayar da kuɗinka aljihu.